'Yar Rum a Ƙunshin Kanumfari

Jikata ce ta jefa kanumfari a shayin da ta kawo mini, wai ta gani a waya yana maganin sanyi. Ban kai kofin baki ba ƙamshin ya riga ya tafi da ni. Na dube ta, ta koma kan tabarma tana kallon wani labari a wayarta, yatsa a kan gilashi, da abin ya yi mata tsawo sai ta ja shi gaba, ta leƙa ƙarshe, ta dawo. Na ce, "Ke, ba ki jin kunya? Ki leƙa ƙarshen labari tun ba a yi miki iso ba?" Ta ce, "Alhaji, ai jira ɓata lokaci ne." Ni dai ƙarshen labari guda ya taɓa cinye mini takalmi, ya kai ni har Sabuwa a ƙasa.

A zamanin da nake magana, takarda ba ta yawo a kwata kamar yanzu. In ka tsinci mai rubutu a hanya sai ka ɗauke ta ka soke a jikin danga, don ba ka san sunan wa ke ciki ba. Ƙauyenmu na kusa da Mabai, kasuwarmu Ƙanƙara. Da rani, bayan an kai amfani rumbu, gari ya zama na sauti uku: luguden daka da sassafe, kukan jakuna da hantsi, sai ƙarar dutsen gurza, mata na raba auduga da gurya har rana ta karkata. A irin wannan rani ne aka buɗe wa magidanta ajin yaƙi da jahilci a gindin wata tsamiya. Ni ba magidanci ba ne, gemuna bai ma yi shawarar fitowa ba, saboda haka na ɗauki darasina daga saman tsamiyar. Magidanta na ƙasa suna kokawa da baƙaƙe, ni ina sama ina shan tsamiya ina haddacewa. Da na iya kuma sai na rasa abin karantawa. Na karanta buhun gishiri, na karanta kwalin sabulu, na bi motar auduga da gudu don in karanta bayanta, na faɗa rami.

Gidanmu kowa ya san ni da ƙarin gishiri. In na ga zomo a gona, kafin in iso ƙofar gida ya zama kura, kafin in kai ɗakin Iya kurar ta yi mini magana. Iya kakata ce, mahaifiyar Baba, ƙaramar tsohuwa mai kaifin ido da kaifin baki, kullum tana zaune a inuwar ɗakinta da mazari tana kaɗi. Ni ne mai gidanta, ita ce amaryata, kamar yadda jika da kaka ke yi. Takan ce duk garin babu matar da ta yi rashin sa'ar miji irinta, ba cefane, ba tufafi, sai ƙarya kwando kwando.

Akwai wani mai koli, Malam Tanko, da ke zagaye da jakinsa daga Ƙanƙara zuwa Faskari, ya gangara Ruwan Godiya, ya kai Sabuwa, ya juyo. Allura, madubi, tozali, shuni, kanumfari, duk suna cikin mangalarsa. Ya taɓa kai gyambonsa asibitin mishan can kudu, aka wanke masa, aka haɗa masa da wani littafi mai kauri da Hausar boko. Shi bai iya karatu ba, amma ya iya ciniki. Ya duba ya ga Allah ya kawo masa abin ƙunshi. Sai ya riƙa yagar littafin daga farko, ganye bayan ganye, yana ƙunshe wa mata kaya.

Wata rana Iya ta ba shi zare, ya ba ta kanumfari a ƙulle cikin takarda. Na fizge takardar, na gyara murya kamar alƙali, na fara karantawa don in burge ta. Labarin wata yarinya ne a birnin Rum na zamanin da, an kamo ta daga ƙasarsu, an tsayar da ita a kasuwar bayi, wani attajiri yana buɗe bakinta yana duba haƙora. Ina cikin karatu na ji wani abu ya ɓace a tsakar gida. Mazarin Iya ne ya tsaya.

Ta ce, "Sai mi ya faru?"

Na ce, "Sai takarda ta ƙare, amarya."

Abin da na sani a lokacin kaɗan ne. Iya tana da yaya mai suna Dije. Tun kafin zuwan Turawa, suna yara, sun je itace mahara suka faɗo musu. Iya ta shige cikin sarƙaƙiya ta kwanta, Dije aka ɗora a doki. Daga ranar babu wanda ya ƙara jin ɗuriyarta, ko ta rayu, ko ta haifa, ko an binne ta. Ba a maganar a gidanmu. Ni ma daga bakin maƙwabta na tsinta.

Daga nan fa aka shiga zamanin kanumfari. Duk zuwan Malam Tanko sai Iya ta tare shi da zare, ta kuma kafa masa sharaɗi, kada ya haɗa mata a ƙunshi ɗaya. Kowane ɗan tsinke da takardarsa. Ya ce, "Iya, wannan ai wahala ce." Ta ce, "Zaren nan ma da wahala anka kaɗa shi." Kanumfari ya cika ƙwarya, ya cika tukunya, ya fara neman rumbu. Muka sha shi a kunu, muka sha shi a fura, muka ci shi a miyar kuka. Kajin gidanmu in an yanka ba sai an sa musu kayan ƙamshi ba, da abinsu suke zuwa. In na yi atishawa a masallaci sai sahu biyu su waiwayo. Ganyen da suka faɗa hannun wasu mata kuwa ni ake aikawa in bi gida gida in roƙo. Wani an hura wuta da shi, wani akuya ta riga ni karantawa. Inda aka sami giɓi sai in cike da nawa. Ni na sa yarinyar ta sharara wa uwar gijiyarta mari har ɗankunne ya faɗa rijiya. Ni na sa attajirin ya zame a kan ɓawon kabewa.

Sunan yarinyar a littafin ya fi ƙarfin bakin Iya, ni ma yanzu ya ɓace mini. 'Yar Rum muke ce mata. Kuma gaskiya marubucin ya iya riƙe mutum. In ya kwatanta kurkuku sai ka ji sanyin dutse a gadon bayanka. Amma yana da halin da ke ba ni haushi. Da an zo wurin da zuciya ke bugawa, sojoji na ƙofa, sai ya tsayar da kowa ya miƙe da wani dattijo ya yi wa'azi har ganye ya ƙare, sojojin kuma suna tsaye suna jira kamar masu ladabi. Mutanen kirkinsa duk kyawawa ne, miyagun kuwa in ba mai ido ɗaya ba to mai doro. Iya ma ta lura. Ta ce, "Wannan mutum bai taɓa zama da bayi ba. Baiwar da ba ta taɓa zagin uwar gijiyarta ko a zuci ba, ba ta taɓa tsame nama a tukunya ba? Ni na ga bayi da idona." Duk da haka ranar da aka kai 'Yar Rum gaban gunkin sarki aka ce ta ƙona masa turare ta ƙi, ta ce Allah ɗaya ne, Iya ta ajiye mazari ta share ido da gefen zane.

Ta ce, "Wannan ɗiya musulma ce."

Na ce, "Amarya, littafin ya ce tun kafin zuwan Manzon Allah aka yi abin."

"To mutanen Annabi Isa ce. Ai namu ne."

Ta shiga saka ta a addu'a bayan kowace salla, tsakanin mamatanta da masu rai, don ba ta san layin da za ta sa ta ba tukuna.

Sai ga ganyen da ya ɓata ruwa. 'Yar Rum ta durƙusa tana addu'a, ta kira Annabi Isa, alaihissalam, da ɗan Allah. Na karanta kafin in ankara. Iya ta yi istigfari, ta tofar da yawu, ta ce in kwashe takardun nan daga gabanta, an yaudare ta, an sa ta zubar da hawaye a kan abin da ba ta sani ba. Ta juya mini baya. Kwanaki aka yi ba ta ce mini mai gida ba. Mazari na juyawa, amma zaren sai tsinkewa yake. Wani hantsi ina wucewa da kaskon ruwan akuya, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Kai, maƙaryaci. Sojojin nan sun kama ta ko ba su kama ta ba?"

A nan muka yi yarjejeniya. In na hango irin waccan kalma tana tafe sai in yi tari, Iya ta yi kalmar shahada da ƙarfi, in tsallake in ci gaba. Wani ganyen tari ya fi karatu yawa. Tarin ne ma ya tona mu. Baba ya ji shi kullum daga zaure, ya shigo da sassaƙen magani a hannu, ya tarar da mu a kan tulin takardu.

Baba ba mai faɗa ba ne. Ya zauna ya sa na karanta masa ganye biyu ba tare da tari ba. Sa'an nan ya ce abin ya ɗaure masa kai ta fuska biyu. Takarda ce mai sunan Allah da sunan annabi, bai halatta a ƙunsa kanumfari da ita ba, balle akuya ta ci. Kuma takarda ce mai maganar da ba zai kwana da ita ƙarƙashin rufi ɗaya da Alƙur'aninsa ba. Ba ta jefarwa, ba ta ajiyewa. Abin da ya rage a tona rami a wuri mai tsabta a binne.

Iya ta ce, "Ka binne ta tana kurkuku?"

Ya ce, "Iya, takarda ce."

"Na ji. Ni ma ɗiyar da anka ɗauke a gabana, an ce mani in bari, ƙaddara ce. Na bari. Wannan ba ni bari sai na ji inda ta ƙare."

Ban taɓa jin ta ambaci abin da bakinta ba sai ranar. Baba ya sunkuyar da kai. Mutum ba ya yi wa uwarsa doka. Ya ce to, a kai ƙarshe, ranar da aka kai a binne duka. Kafin nan takardun su koma kogon kukar bayan gida, ba ciki ba, ba kuma ƙasa ba.

Matsalar ita ce ƙarshen ba ya hannunmu. Ganyenmu na baya ya bar 'Yar Rum a wani ɗaki ƙarƙashin filin wasan sarki, tana jin gurnanin zakoki ta bayan bango. Da Malam Tanko ya dawo, sai ga kanumfari a ƙunshe cikin ganyen kalgo. Iya ta dube shi kamar ya kawo mata gawa. Ya ce ba laifinsa ba ne. A kasuwar audugar Sabuwa wani malamin awo, Malam Bulus, mutumin kudancin Zariya, ya gan shi yana yagar littafin, ya kusa yin kuka, ya karɓe ragowar ya ba shi tsofaffin takardun awo a madadi, su ma har sun ƙare.

Haka aka ɗaura mini guzurin ƙuli-ƙuli aka haɗa ni da Malam Tanko. Yaran yanzu su hau babur su je Sabuwa su dawo kafin tuwo ya huce. Mu jaki ne shugaban tafiya, shi ke yanke inda za a tsaya. Muka bi ta Faskari da duwatsunta, muka ci kasuwa, muka kwana a zaurukan mutane, takalmina na fata ya rabu biyu tun kafin Ruwan Godiya, na ƙarasa da rabi a ƙafa rabi a aljihu.

Na sami Malam Bulus a bakin sikeli, fensir a bayan kunne, auduga har cikin gashin girarsa. Da na faɗi abin da ya kawo ni ya dube ni sama da ƙasa.

Ya ce, "Daga wajen Ƙanƙara? A ƙasa? Kana son shiga addinin ne?"

Na ce, "A'a, Malam. Zakin muke so."

Ya yi dariya har fensir ya faɗi. Na ba shi labarin Iya da kanumfari da tari. Wurin tarin bai yi dariya ba, amma bai yi fushi ba. Ya ce shi wurin da muke tsallakewa shi ne wurin da ya fi so, ko da yake dattijon mai wa'azi, tsakani da Allah, shi ma yakan tsallake masa rabi. Ya shiga ya ɗauko ganyen ya ba ni, ya ce tsohuwar da ta saye littafi tsinke tsinke ta fi shi haƙƙi. Na hau kan dilar auduga na karanta. Da na gama na tambaye shi ko kabarin yarinyar na nan har yanzu.

Ya ce, "Ai ba a yi ta ba. Sarkin an yi shi, birnin na nan, zakoki sun ci mutane da yawa. Amma ita marubucin ne ya ƙaga ta."

Wannan ya fi ƙarshen ɗaure mini kai. Mu abu biyu muka sani. Akwai tatsuniya, kowa ya san ƙarya ce, ba a ma yin ta da rana. Akwai labari, wanda ya faru. Wannan kuwa ga shi ya shigo da rana tsaka da rigar labari, ashe rabinsa ɗan'uwan ƙarin gishirina ne.

A hanyar dawowa na gina wa Iya ƙarshe mai kyau, irin wanda ya dace da tsohuwar da ta ba da zaren rani guda. Zaki zai fito, ya shinshina ƙafar 'Yar Rum, ya kwanta. Sarki zai tuba. Za a ɗora ta a raƙumi a mayar da ita garinsu, ta tarar da ƙanwarta a bakin rijiya, su gane juna. Na gwada wa jakin Malam Tanko, har shi ya rage sauri.

Na iso da la'asar, Iya na inda na bar ta. Ba ta tambayi ƙafata ba. Na zauna, na buɗe ganye, na fara. Zaki ya fito, ya shinshina, yana shirin kwanciya ta ɗaga hannu.

"Mai gida."

"Na'am, amarya."

"In kana karatu idonka tafiya yakai kamar tururuwa. In kana ƙarya ni yake kallo. Tun ranar marin nan na sani. Na ƙyale ka don marin ya yi mani daɗi. Yau ba ni so. Maida idonka kan takarda."

Na mayar. Zakin bai kwanta ba. Marubucin bai tsawaita ba, wannan kam na yaba masa. Bayan taro ya watse, mutanenta suka roƙi gawar, suka naɗe ta a farin ƙyalle, suka kai ta wani kogo ƙarƙashin birnin, suka rubuta sunanta a jikin dutse.

Iya ta ce, "An yi mata sutura?"

"An yi."

"An san inda take?"

"An sani. Har da suna."

Ta ce, "To." Ta ɗauki mazari ta murza a cinya, ya tafi sumul, zaren bai tsinke ba.

Da na yi shiru a nan da an rabu lafiya. Amma bakina bai taɓa iya riƙe abu ba, sai na faɗa mata abin da Malam Bulus ya ce. Mazari ya sake tsayawa.

"Shi ya ƙaga ta? Da hannunshi?"

"Haka aka ce."

"Ba wanda ya tilasta mashi? Alƙalami na hannunshi, ƙofa na hannunshi, zaki na hannunshi, ya ɗauki ɗiyar mutane ya miƙa?" Ta girgiza kai. "Mahara ma don su sayar suke ɗauka. Wannan don wa'azinshi ya yi daɗi ya kashe ta. Kai ka fi shi imani, maƙaryacin banza."

Wannan ne yabo mafi girma da na taɓa samu a wurinta.

Washegari da hantsi Baba ya ɗauki fartanya, na kwaso takardun daga kogon kuka. Shi a nufinsa rami ne kawai a gefen gona inda ba a takawa. Sai ga Iya ta fito da sanda, da wani farin ƙyalle na saƙi daga zarenta. Ta karɓi takardun ta jera su, ta naɗe, ta ɗaure kai da ƙafa. Baba ya dubi fuskarta. Ya ƙara wa ramin zurfi ba tare da an ce masa ba. Da aka mayar da ƙasa ta sa na kawo dutse na ɗora. Ta daɗe tsaye, leɓɓanta na motsi. Ni ne kusa da ita, kuma sunan da na ji ba na Rum ba ne.

A hanyar gida Baba ya ce a hankali, "Iya, ba a yi wa wanda ba a halitta ba addu'a."

Ta ce, "Wadda nike nufi an halicce ta."

Har ta bar duniya ra'ayinta a kan littafin bai daidaita ba. In an tuna mata marubucin sai ta ja tsaki ta ce azzalumi ne mai dogon wa'azi, ga kuma maganar da ba ta faɗuwa. In an tuna mata yarinyar sai ta ce ɗiyar kirki ce, ta ƙi gunki. Ni ma da na girma na karanta littattafai da yawa, namu da na wasu, ban matsa daga inda ta tsaya ba sosai. Dutsen kuwa yanzu yana ƙarƙashin shagon wani mai cajin waya, in ban ɓata lissafin wurin ba.

Kanumfarin ya fi ta daɗewa. Da shi aka dama kunun sadakarta, aka raba wa gari, kuma bai ƙare ba.